Littafin Levi da Makullin Mama Martina

Sunana Tamar. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina buga takardu a wata ƙaramar makarantar horar da masu bishara da ke bayan garin Kafanchan, kuma ban taɓa shiga laburarenmu da jaka a hannu ba. Ba ni kaɗai ba ce. Ko shugaban makaranta na yanzu, da duk digirorinsa, a bakin ƙofa yake ajiye tasa, Mama Martina tana kallonsa ta saman gilashi har sai ya sa hannu a rajista. Matar nan ta taɓa zargina da cin amana, muka yi mako uku ba gaisuwar kirki. Na yafe mata, Allah ya sani. Amma sai na ba da labarin, don har yau in na tuna raina yana sosuwa, rabi don kaina, rabi dominta.

A kwatas ɗin reluwe aka haife ta. Babanta mutumin wajen Zonkwa ne, aikinsa duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma ita da bakinta take cewa wajensa ta gaji ido. Wai yana shiga tarago ya san wanda ba shi da tikiti tun kafin mutumin ya fara barcin ƙarya. Ta gama sakandare, ta yi kwas ɗin laburare, ta dawo gida ba aiki. Rabaran Meshak, wanda ya kafa makarantarmu, shi ya yi mata baftisma tana yarinya, shi ya ɗaura aurenta da Malam Gregory, shi kuma ya kira ta a 1991 ya nuna mata kwali shida na littattafai a ƙasa ya ce, "Martina, ga laburare." Tun daga ranar take nan. Mijinta ya rasu, Baba Rabaran ya bi bayansa a 2009, 'ya'yanta huɗu sun watse Kaduna da Jos. Ita kuwa tana nan daram tsakanin kantocin littattafai, sai ran Asabar take leƙa gonar cittarta.

Kai, ɗalibai sun sha wuya a hannunta! In ka dawo da littafi sai ta zaunar da kai ta ƙirga shafuka. Ta shinshina shi, ko ka ci gwate a kansa. Sabon ɗalibi kuwa tambaya uku yake sha kafin ya taɓa takarda: wane ƙauye, wane gida, wane fasto ya turo ka. Rajistarta manyan littattafai ne goma sha huɗu, jere a bayan kujerarta, kuma maganarta kullum ita ce abin da bai shiga rajista ba bai faru ba. Mu dai mukan yi mata dariya a ofis, amma a shekara talatin littafi bakwai kacal ya ɓata mata, kuma ta san sunan kowane ɓarawo da garinsu.

A ƙuryar ɗakin akwai wani kabad na ƙarfe, makullinsa a ɗaure a igiya a wuyanta, cikin riga. Ciki akwai tsofaffin takardun ikilisiya, da wani littafin rubutun hannu guda ɗaya. Na wani mai bishara ne, sunansa Levi, wanda ya yi wa'azi a ƙauyukan bayan Madakiya wajen shekarun 1950. Duk wanda ya zo tuba a lokacin, sai ya faɗi abin da ya bari a baya, Levi kuma ya rubuta, da suna da gida. Wannan yana cikin masu bautar dodo. Wancan an taɓa kama shi da zargin maita. Wance ta ce ita ta sa wa ɗan maƙwabta hannu. Mutanen sun mutu tuntuni, amma jikokinsu suna nan, suna auren juna, suna zama benci ɗaya ran Lahadi. Wanda ya san ƙasarmu ya san kalmar maita ɗaya tak ta isa ta hana yarinya aure, ta raba gida biyu har jikoki.

'Yar Levi, Mama Zipora, ita ta kawo littafin a 1996, a naɗe cikin zani. Ta ce ba za ta iya ƙona rubutun babanta ba, ba kuma za ta iya barinsa a gida ba, don yara sun fara iya karatu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada ido ya gan shi. Mama Martina ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi alkawari. Ko katin da ake neman littafi da shi ba ta yi masa ba. Ita kanta ta ce shafi biyu ta karanta, ta rufe.

To, a 2023 sai ga sabon abu. Makarantu irin namu suka haɗa kai aka kawo tsarin nema a kwamfuta. Da, in kana neman littafi, sai ka ja durowar kati, in babu ka hau mota zuwa wani gari ka ja tasu. Yanzu gurbi ɗaya ne a fuskar kwamfuta. Ka rubuta kalma, ya bincika namu, ya bincika na sauran makarantu, na jami'o'in gida da na waje, har da mujallu da tsofaffin takardun da aka ɗora a intanet, ya jero maka duka lokaci guda. Ni na buga katunanmu dubu tara a ciki, har yatsuna suka kumbura. Malam Asher, mai koyar da kwamfuta, shi ya haɗa komai.

Mama Martina tun farko ta sha kunu. "Abin da ke leƙa ɗakin kowa," in ji ta, "shi ma ana leƙo namu ta cikinsa." Ta tambayi Malam Asher wa ke zaune a ɗaya gefen. Ya ce ba kowa. Ta ce to wa ke sa hannu? Ya ce ba a sa hannu. Ta ce, "Allah ya kyauta."

Ranar da aka nuna wa malamai, muna wajen goma a tsaye. Malam Asher yana ta rawar jiki, ya ce kowa ya faɗi abin da yake so a nema. Aka nemi wannan, aka nemi wancan, yana fitowa, ana tafi. Sai Mama Martina ta gyara gilashi. Na san fuskar nan, so take ta kunyata na'urar. Ta ce, "Rubuta Levi, mai bishara, Madakiya."

Ya rubuta. Netwok ya ɗan yi juyi. Sai ga layi ɗaya ya fito, daga laburaren wata jami'a a Turai, da ɗan hoton bangon littafi a gefe. Shafi ɗari biyu da sha huɗu, duka a hoto.

"Kin gani, Mama!" in ji Malam Asher, yana murna, bawan Allah. "Har sunayen da ke ciki an buga su. Kowa ya sa sunan kakansa zai fito."

Ya kai hannu zai buɗe. Ta daka masa tsawar da sai da tsuntsayen rufin kwano suka tashi. Ta kori kowa waje, ta kulle ƙofa, ni kaɗai ta bari. Ta zaro igiyar wuyanta ta buɗe kabad. Littafin yana nan, a cikin zaninsa. Ta zauna a ƙasa da shi a cinya, ta ce, "Tamar, wani ya shiga bayana. Ba zan je gaban Mama Zipora ba sai na san ko wane ne."

Doka ta farko da ta kafa, kada wanda ya buɗe shafukan nan, ko ɗaya. Ta ce karantawa ma cin amana ne. Daga nan ta sauko da rajista goma sha huɗu, ta bi su layi-layi, kwana biyar, da rula. Babu inda littafin Levi ya fita. Ta ce tunda bai fita ta ƙofa ba, sata ce.

Malam Asher ta fara damƙa. Wai shi ya zo da waya mai kyamara, shi yake kai-kawo a laburare da wayoyin wuta, shi ya san mutanen waje. Mutumin nan har ya fara rama. In ya hango ta sai ya canza hanya ta bayan ɗakin sujada. Ya rantse mata bai taɓa sanin abin da ke cikin kabad ɗin ba, ta ce ai duk haka suke cewa.

Sai ta tuna Malam Zubair. Shi ne mai ɗinkin littattafai a kasuwar Kafanchan, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa, tun kakansa suke rumfar nan. A 2012 gara ta ci bangon littafin, ta kai masa ya yi sabo. Ta ja ni muka hau mashin. Muka same shi yana shafa gam a bayan wani ƙamus. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

Malam Zubair ya saurare ta har ƙarshe, ya goge hannu. "Haba, Madam. Ranar nan awa uku kina kan bencin nan, idonki a kan yatsuna. Aka kira sallar azahar, kika naɗe littafinki kika riƙe sai da na dawo. Yaushe na ɗauki hoto, da wane hannun?"

Ta ce mutum in ya so yi, yana yi.

Bai yi fushi ba, ni ce ma na ji kunya. Ya ce a nuna masa hoton bangon kawai. Na nuna masa a wayata. Ya kawo ta kusa da ido, ya yi 'yar dariya. "Wannan ba aikina ba ne. Ni baƙin yadi na sa masa, da zare biyu. Wannan tsohon bangon ne, dubi inda gara ta fara ci. Wanda ya ɗauki hoton nan ya riga ni taɓa littafin."

Muka kamo hanyar dawowa. Ni ina ta murna an wanke mutum biyu, don Malam Asher sai 2019 ya zo makarantar. Wauta ta hana ni lissafa wanda ya rage. Kafin 2012, wa ke shiga ɗakin nan kullum? Wa ta taɓa faɗa wa abin da ke cikin kabad?

Washegari ta kira ni, ta rufe ƙofa. "Tamar, lokacin da aka yi mini aiki a asibiti, a 2006, da za a shiga da ni, wa na ba igiyar wuyana?"

"Ni ce, Mama."

"Awa nawa tana hannunki?"

Yesu! Jini ya hau mini kai. Na ce, "Awa huɗun da na yi a kan benci ina miki addu'a? Ni da na wanke miki zannuwa? Ni da na bar yarana da maƙwabta na kwana biyar a gefen gadonki?" Ta ce ita ba ta ce komai ba, tambaya take yi, don ba wanda ya taɓa riƙe makullin sai ni. Na ce ta riƙe tambayarta. Na gaya mata maganganu, ba zan maimaita su a nan ba, wasu na yi nadamarsu, wasu kuma har gobe ina kan bakana. Na bugo ƙofa na fito.

Mako uku muna haka. A zumuntar mata ta zauna gabas, na zauna yamma. In na shigo ofis sai in ga idonta ta taga yana bina, kamar na ɗauki naman miya. Ita ma ba daɗi take ji ba, ta zabge, ta daina zuwa gona. Kullum tana tsoron kada wani jika a Sabon Tasha ko Abuja ya rubuta sunan kakansa don nishaɗi, labari ya riga ta isa wurin Mama Zipora.

Ni dai da abin ya ishe ni, na ce doka ta ci gidansu. Na sami Malam Asher da rana tsaka na ce ya buɗe mini. Ya ce, "Anti, Mama za ta kashe ni." Na ce ni zan riga ta. Na ce ba sunan kowa nake so ba, ya tsallake ya kai ni ƙarshe, don na yi aikin ofis na san duk wanda ya ɗauki abu bisa ƙa'ida yakan liƙa takardar izini a baya. Na sa tafin hannu na rufe fuskar kwamfutar yana ta tsallakawa. Shafi na ƙarshe ba rubutun Levi ba ne. Wasiƙa ce ta hannu, layi shida, watan Agusta 2003. An ba wani baƙo mai bincike izinin ɗaukar hoton littafin, don kada tarihin ikilisiya ya ɓata. Sa hannun da ke ƙasa kuwa, na buga takardu ɗaruruwa da aka sa wa irinsa. Rabaran Meshak.

Na fitar da ita a takarda, na kai mata, na ajiye a kan rajista. Gaskiya da niyyar cin fuska na je. Ta karanta sau biyu.

Na ce, "Kin ce ba wanda ya taɓa riƙe makullin nan sai ni."

Ta ɗago kai, ta ce a hankali, "Ai Baba ba wani ba ne."

Nan fushina ya sauka, don na gane. A wajenmu ba ka miƙa wa wanda ya yi maka baftisma biro ka ce ya sa hannu. Daidai yake da ka ce ba ka yarda da shi ba. In Baba Rabaran ya leƙo ya ce, "Martina, kawo makulli," sai ta cire igiyar ta rusuna ta ba shi da hannu biyu. Ba ta tambayar me zai ɗauka. Fita ma take yi ta tsaya gindin mangwaro, don kada ya zama kamar tana sa masa ido. In ya dawo da makullin ta ce na gode. Ta ce ya yi haka ya fi sau ashirin, a zatonta takardun taron dattawa yake dubawa. Duk kwanakin nan da ta yi tana jera sunayen waɗanda take zargi, ko sau ɗaya nasa bai zo mata a rai ba. Ni ma da nake ta hura hanci, da ni ce da haka zan yi. Ba na ce mugunta ya nufa ba, shi a ganinsa adana tarihi yake yi. Amma bai tambayi mai abu ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi.

Ta ce, "Tamar, ki yafe mini." Na ce ya wuce. Bai wuce a ranar ba, amma na faɗa.

Malam Asher ya rubuta wa jami'ar. Mutanen kirki ne, bayan wata biyu suka sauke shafukan, suka ba da haƙuri. Sai dai sun ce shekara goma sha ɗaya abin yana buɗe, kuma ba su da hanyar sanin duk wanda ya kwafa. Mama Martina ba ta jira amsarsu ba. Asabar ɗin makon da ta ga wasiƙar, ta naɗe littafin ta sa a jaka, ta ce in raka ta.

Damina ce, hanyar bayan Madakiya duk taɓo, sau biyu muna sauka daga mashin muna takawa. Muka tarar da Mama Zipora a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa a faranti. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Aka yi gaisuwa, aka tambayi yara, aka kawo ruwa. Sai Mama Martina ta sauka daga kujera ta durƙusa a ƙasa, mace mai shekara sittin da biyu.

"Mama, amanar da kika ba ni ta fita. An ɗauki hotonsa, ya shiga duniya, shekaru da yawa ban sani ba. Ni na ba da makulli. Laifina ne."

Tun a hanya ta gargaɗe ni kada in ambaci sunan kowa, wai ba a kai ƙarar mamaci.

Tsohuwar ta daina ɓare gyaɗar. Can ta ce, "Meshak ne?"

Mama Martina ta sunkuyar da kai.

"Sau uku ya zo gidan nan yana neman littafin nan," in ji ta. "Sau uku ina ce masa ban san inda yake ba, Allah ya gafarta mini. Na san in na kai wa dattawan ikilisiya, kafin rana ta faɗi yana hannunsa. Na san kuma a makarantarsa kike aiki. Amma kowa na ce mini akwai wata yarinya a laburare da ba ta yarda da kowa, wai ko shi sai ya sa hannu. Shi ya sa na tsallake mutane duka na zo wurinki."

Mama Martina ta ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Mama?"

"In faɗa miki me? In kama sunan babba a gaban yarinya?" Ta girgiza kai. "Na ɗauka ba sai na faɗa ba."

Ta miƙo hannu biyu. "Ba ni littafin babana."

Mama Martina ta ciro shi ta ba ta. Tsohuwar ta shafa zanin, ta ɗaga cinya ta tura shi ƙarƙashi, ta jawo farantinta ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce ta tashi ba. Mama Martina tana nan durƙushe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hawaye na bin gefen gilashinta, har sai da na kama hannunta na ɗaga ta.